Tsuntsun da ya kusa ƙarewa da burtuntunar da ta ƙi ƙarewa

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Mirya. Na ji a rediyo ana labarin wani ɗan tsuntsu mai daɗin kuka a ƙasashen Asiya, wai ya kusa ƙarewa daga duniya, masana sun tashi haiƙan sai sun cece shi, alhali an ce shinkafar manoma yake ci. Mu nan jan-baki ya hana mu sakat, burtuntuna kuma duk shekara sai ta ɗebi rabonta a hatsi da dawa. In har ɗan Adam na iya ƙarar da tsuntsu ba da niyya ba, me ya hana ku masana ku ƙarar mana da burtuntuna da gangan? Kuma tunda dukansu halittar Allah ne, dukansu kuma ɓarna suke wa manomi, me ya sa ake jin tausayin ɗaya ana neman ganin bayan ɗaya?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a gona. Tambayarka ta farko ta fi nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin in aka gane yadda kowannensu ke haihuwa da yadda yake ƙetare lokacin wuya, sauran maganar ba ta da wahala.

Tsuntsun da ya dace da labarin da ka ji shi ne wanda masana ke kira Emberiza aureola. Girmansa bai wuce na gwara ba. Namijin baƙar fuska gare shi, ƙirji rawaya, da wani siririn zobe ruwan ƙasa da ya ratsa ƙirjin. Yana yin sheƙa a ƙasa cikin ciyawa, a fadamun Rasha da Mongoliya da arewacin Japan, da can ma har Finlan ana samunsa. In sanyi ya matso sai ya gangaro kudu ta ƙasar Sin, ya sauka a gonakin shinkafa na Tailan da Kambodiya da maƙwabtansu. Har farkon shekarun 1980 yana cikin tsuntsayen da suka fi yawa daga arewacin Turai zuwa gabashin Asiya. Wani bincike da Johannes Kamp da abokan aikinsa suka fitar a 2015 ya nuna cewa tsakanin 1980 da 2013 yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, iyakar ƙasar da yake hayayyafa kuma ta ja baya wajen gabas da kimanin kilomita 5,000. Ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, kafin 2004 tana lissafa shi cikin waɗanda babu damuwa a kansu. Daga nan ya yi ta hawa mataki-mataki, har a 2017 ya kai matakin da in ya wuce shi sai a ce babu shi a daji.

Ba manoman shinkafa masu kare gonarsu suka kai shi nan ba, kasuwa ce. Da magariba tsuntsayen nan sukan taru dubbai su kwana wuri ɗaya cikin dogayen ciyayin bakin ruwa. Mafarauta su kafa raga mai siririn zare wadda ido ba ya gani, su tayar da garken cikin duhu, da safe a fige a kai gidajen abinci, musamman a lardin Guwandong na kudancin Sin, inda ake ɗaukar namansa abin marmari. Gwamnatin Sin ta hana cinikinsa tun 1997, amma ya ci gaba a ɓoye, kuma duk sanda ya ƙara wuyar samu sai kuɗinsa ya ƙara tashi, mai raga ya ƙara samun dalilin fita.

To, ka yi lissafin abin da tsuntsun ke iya mayarwa. Macen tana yin ƙwai 4 ko 5, galibi sau ɗaya a shekara, domin lokacin ɗumi a can arewa gajere ne. Cikin ƴaƴan wasu maciji ko dila ya cinye tun a sheƙa, wasu su mutu a doguwar tafiya. Abin da ke saura da ƙyar yake cike gurbin tsofaffin da suka mutu. In raga ta zo ta ɗebi wani kaso a kan wannan duk shekara, babu inda za a samo cikon. Abin da ya fi muni, kusan dukan zuriyar ta hanya ɗaya take bi zuwa kudu, don haka mai raga a wuri guda yana ɗibar tsuntsayen ƙasashe da yawa. Mutane kuma ba su farga da wuri ba, saboda tsuntsu mai taruwa garke ko ya ragu garke za ka gan shi. Kamar rumbu ne da gara ke ci ta ƙasa: mai shi ya ɗaga murfi ya ga zangarniya har baki, ranar da ya zura hannu ya tarar da rami.

An taɓa ganin irin wannan. A Amurka akwai wata kurciya da ake lissafinta da biliyoyi, garkenta na rufe rana, amma ƙwai ɗaya take yi. Aka yi ta harbi ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa birane, ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiye namun daji na Sinsinati a 1914. Ba ma sai mun je nesa ba. Tsofaffin Damargu da Kutus sun san jimina a daji, yau yaron da ke son ganin irin jiminarmu a jihar Damagaram sai an kai shi Kelle, inda ake kiwonta cikin shinge da fatan wata rana a mayar da ita.

Yanzu mu shiga gonarka. Mako biyu ko uku bayan hatsi ya yi bununi, ka duba zangarniya da kyau. Za ka ga wasu ƙwayoyi sun fi saura girma, sun turo kai waje, kore shar masu sheƙi. Bayan ƴan kwanaki koren ya koma ruwan ƙasa, ya yi duhu. Ka ciri ɗaya ka murje tsakanin yatsu biyu, fatar ta fashe, baƙin gari ya ɓata maka hannu. Wannan garin da kake gogewa a riga shi ne irin burtuntuna. Dangin funfuna ce, kuma kowane ɗigo na ƙurar nan iri ne mai rai. Abin da ke cikin ƙwaya ɗaya da ta kamu dubbai ne bisa dubbai, balle zangarniya, balle gona. Ba ta gina sheƙa, ba ta kwanci, ba ta ciyar da ƴaƴa. Ta zuba a ƙasa lokacin girbi, ta kwanta duk tsawon ɗari da bazara ba ci ba sha. Ruwan damana ya jiƙa ta, ta farka ta fitar da wasu ƙananan iri marasa nauyi, iska ta ɗauke su zuwa kan hatsin da ke fid da kai.

Akwai abu ɗaya a nan da nake so kowane manomi ya sani, domin yana warware rigima da yawa tsakaninsa da mai sayar da magani. Burtuntunar hatsi ƙofa ɗaya gare ta. In zangarniya ta fito, fararen zaruruwa masu laushi ne ke fara bayyana, su ne ɓangaren mace na furen, sai bayan kwana biyu ko uku bununi ya biyo. Ta waɗannan zaruruwa cutar ke shiga, kuma da zarar garin bununi ya sauka a kansu ƙwaya ta ɗauku, ƙofar ta rufe. Shi ya sa shekarar da malka ta sauka daidai lokacin bununi, ruwa na wanke garin, sama a lumshe, raɓa ba ta bushewa, burtuntuna ke yawa: ƙofar ta daɗe a buɗe. Shi ya sa kuma gonar da aka shuka a makare ita kaɗai, da ƴan ƴaƴan da suka fid da kai daga baya, suka fi kamuwa, don ƙurar cutar ta riga ta cika iska, bununin maƙwabta kuma ya ƙare. Ma'anar wannan ita ce maganin da kake cuɗa iri da shi kafin shuka ba ya hana burtuntunar hatsi, tunda ta sama take zuwa bayan kusan wata biyu. Manomi ya sa magani, ya ga baƙi a zangarniya, ya ce an sayar masa da jabu, alhali maganin ba a yi shi don wannan ba.

Dawa kuwa wani labari ne. Burtuntunar da ta fi yawa a dawa, wadda ke mayar da ƙwayoyin kai ƙananan jakunkuna masu baƙin gari, a jikin iri take tafiya. Wajen sussuka jakunkunan ke fashewa, ƙurar ta manne wa lafiyayyun ƙwayoyi. Ka shuka, ta tsiro tare da dawar, ta bi cikin kara a ɓoye ba alama, sai ranar da kai ya fito. Wannan kam maganin iri yana kashe ta kusan kakaf, kuma kuɗinsa bai kai asarar dami ɗaya ba. Akwai wata ta dawa mai dogayen jakunkuna fari-fari, jefi-jefi a kai, wadda ke son ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu. Ita ma ta iska take zuwa, maganin iri ba ya tare ta.

Wadda ta fi dukansu ɓarna a hatsi ma ba burtuntuna ba ce. Ita ce wadda ma'aikatan gona ke kira mildiyu, wasu su ce kuturtar hatsi: shuka ta tsumbure, ganye ya yi rawaya daga gindi, in ta fid da kai sai ka ga tarin ƙananan ganyaye a murɗe maimakon ƙwaya. Ka je gona da asuba kafin rana ta ɗaga, ka juya ganyen da ya yi rawaya, za ka ga farin gari mai laushi ya shimfiɗu a bayansa. Cikin dare aka haife shi, kuma kafin hantsi ya watsu zuwa ƙananan shukokin da ke kewaye. Wannan garin shi ne irin cutar na farko, na ɗan lokaci ne. Na biyun, mai kaurin fata, yana cikin busasshen ganye da kan da ya lalace, ya koma ƙasa ya zauna shekaru yana jiran saiwar hatsi. Masana sun ware ta a wani dangi dabam da funfuna ta ainihi, amma ga manomi halinsu ɗaya.

Ka ga abin da kake nema a ƙarar. Tsuntsun can ana iya ƙirga shi, ana sanin inda yake kwana, kuma in an kashe uwa an kashe ƴaƴan bana. Ƙurar cutar kuwa in ka kashe 999 cikin 1,000, guda ɗayan da ta saura ta isa ta cika gona in damana ta yi mata daɗi, kuma tana cikin ƙasar kowace gona daga Magarya har Tanut, har ƙetaren iyaka.

A tarihin duniya cututtuka biyu kawai aka tabbatar an shafe: agana a 1980, da bushiya ta shanu a 2011. Dukansu ba sa iya zama a ƙasa su jira, sai cikin jikin mai rai, kuma akwai lamba ko allurar da in an yi wa mutum ko saniya ta kare shi shekaru. Aka bi gida-gida, ruga-ruga, har cutar ta rasa jikin da za ta shiga. Ba ka yi wa ƙasar gona lamba. An gwada yaƙin ƙare dangi da funfunar amfanin gona, kuma masu kuɗi ne suka gwada. Daga 1918 Amurka ta shiga tumɓuke wani ɗan itace mai ƙaya da ake kira barberi, wanda cutar tsatsar alkama ke hayayyafa a kansa, aka tumɓuke ɗaruruwan miliyoyi. Annobar ta ragu ƙwarai, amma tsatsar na nan, iska na kawo ta daga kudu. A 1998 wani sabon nau'inta ya ɓulla a Uganda, wanda aka sa wa suna Ug99, ya karya juriyar irin alkamar da aka daɗe ana dogaro da ita. Zuwa 2006 ya ƙetare Bahar Maliya ya shiga Yaman, a 2007 aka gan shi a Iran.

Bayan juriyar zaman jira, wannan shi ne makamin cutar na biyu, sauya kama. Kuma mu ne ke ba ta fili. A Indiya an fitar da wani irin hatsi na aure mai suna HB 3 a ƙarshen shekarun 1960, mai yawan amfani, manoma suka rungume shi, gona bayan gona duk shuka ɗaya, jini ɗaya. A farkon shekarun 1970 mildiyu ta gano lagonsa, kuma da yake kowace shuka kwafin ƴar'uwarta ce, abin da ya kayar da ɗaya ya kayar da duka, dole aka janye irin. Hatsinmu na gado, su Ankutes da Ba'angure da Zango, ba haka suke ba. Iska ce ke haɗa aurensu, kowace zangarniya da ɗan bambancinta, don haka cutar na kama wasu ta bar wasu. Shi ya sa ka ce duk shekara tana ɗibar rabonta, ba ka ce ta cinye gonar ba. Ina ganin wannan dukiya ce da bai kamata a yi sakaci da ita ba. Irin da cibiyoyin binciken noma na INRAN da ICRISAT ke fitarwa, irin su HKP da SOSAT, suna da amfani sosai wajen saurin nuna da juriya, kuma ina ba da shawarar a karɓe su, amma kada gari guda ya zubar da nasa gaba ɗaya ya koma iri ɗaya tak.

Saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin maganin da zai raba ka da burtuntuna har abada, kuɗinka yake so. Abin da ake iyawa, kuma ake yi, shi ne a danne ta har asararta ta zama ba ta taka kara ta karya ba.

Na san za ka ce, to jan-baki fa? Ai shi ma tsuntsu ne, an kuma fi shekara 60 ana yaƙarsa, da wuta, da nakiya, da feshin jirgin sama, har ƙasashenmu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCLALAV don shi da fara, ga shi nan bai ƙare ba. Gaskiya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya wuni a rumfa da majaujawa yana ihu har muryarsa ta dushe ba ya bukatar a gaya masa ɓarnar jan-baki. Ana ƙiyasta yawansa da kimanin biliyan 1.5, babu tsuntsun daji da ya kai shi. Dalilin da ya sa ya gagara shi ne, cikin tsuntsaye, shi ya fi kusa da halin burtuntuna. Ƙwansa na ƙyanƙyashewa cikin kwana 10 zuwa 12, ya yi renon ƴan makonni, ya tashi ya bi ruwan sama zuwa wata ƙasa ya sake sheƙa, sau biyu ko uku a shekara. Ba shi da hanya ɗaya da za a tare, ya bazu daga Senegal har Afirka ta Kudu. Binciken da Peter Ward ya yi a bakin tabkin Cadi a shekarun 1960 ya nuna ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, kuma yunwa na kashe kaso mai yawa duk shekara a farkon damana, lokacin da ƙwayar ta tsire. Miliyoyin da feshi ke kashewa, da yawansu waɗanda yunwa za ta ɗauka ne dama. Shi ya sa yau masu aikin kare amfanin gona ba sa maganar ƙarar da shi, sai dai a far wa makwancin da ke barazana ga gonaki a daidai lokacin nuna. Feshin kuma ba kyauta yake ba: gubar da ake amfani da ita, fentiyon, tana kashe shaho da shirwa da duk abin da ya ci mushen, kuma haɗari ce ga mutanen da ke tsince tsuntsayen su soya.

Ke nan tsuntsaye biyu masu girma ɗaya, masu cin ƙwaya, masu kwana garke, ɗaya ya gagari jirgin sama, ɗaya raga ta kusa gamawa da shi. Yawan da ido ke gani ba ya gaya maka wanne ne wanne.

Sai tambayarka ta biyu. Maganarka daidai ce, dukansu halittar Allah ne, aya ta 38 ta Suratul An'am ma ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Ta fuskar aikinmu, abin da ya raba su shi ne girman abin da hannunmu ke iya yi musu. In ka tumɓuke shukar da ta kamu ka binne, ka kare abincin iyalinka, zuriyar cutar kuma ko gezau. In ragar ƙarshe ta kama macen ƙarshe ta tsuntsun can, an rufe babinsa har tashin ƙiyama, babu kuɗi ko ilimin da zai dawo da shi. Wanda ke iya ɓacewa shi ake tsaya wa.

Kuma cewa ɓarna kawai yake yi, a nan ban yarda da kai ba. Tsuntsun da ke cin ƙwaya da kaka, tsutsa da ƙwari yake ɗura wa ƴaƴansa a sheƙa, don ƙwaya ba ta gina jikin ɗan tsako da sauri. Ƙasar Sin ɗin nan ta taɓa koyon wannan da tsada. A 1958 gwamnatin Mao ta sa gwara cikin abokan gaba huɗu da za a shafe, saboda tana cin hatsi. Jama'a suka fito da ganguna da kwanoni suna hana ta sauka har ta faɗo don gajiya, aka farfasa sheƙuna. Fara da tsutsa suka samu sarari, suka ƙara wa gonaki masifa a kan wadda ake ciki, shekarun da yunwa ta kashe miliyoyin mutane. A 1960 aka cire gwara daga jerin. Kai ma ka san aikin da shamuwa da balbela ke yi wa fara a gonarka, ba ka biyan su ko dala.

Haka nan ba dukan funfuna ake yaƙa ba. Jerin IUCN ɗin nan yanzu ya ƙunshi dangin funfuna da naman kaza fiye da 1,000 da aka auna, fiye da 400 cikinsu na cikin haɗari. Akwai masu zama a saiwar hatsi da wake suna jawo musu sinadarin fosfor daga ƙasa. Akwai kuma wadda ya kamata ɗan Nijar ya yi alfahari da ita: maganin fara da ake kira Green Muscle funfuna ce mai rai, kuma asalin irin da ake yin sa da shi a jikin wani babe aka samo shi a nan Nijar. In aka fesa, sai ta tsiro cikin jikin fara ta kashe ta cikin mako ɗaya zuwa uku, ba ta taɓa tsuntsu, ba ta taɓa dabba. Shamuwa ta ci farar da ta kamu ta tashi lafiya, ta ci gaba da tayawa.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙananan tsuntsaye masu waƙa da Turawa ke kuka da raguwarsu, da yawansu a wurinmu suke cin rani. Wajen watan Satumba da Oktoba suke ƙetaro Sahara, abin da nauyinsa bai fi giram 15 ba, su zauna har bazara. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila sun wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi sawu sai aka tarar ƙarancin ruwan 1968 ne a yankinmu na Sahel, mafarin farin da ya zo ya yi mana kaca-kaca a 1973. Abin da ya ci su shi ya ci shanunmu. Tsuntsayen nan itatuwa masu ƙaya suka fi so, gawo da aduwa da dangin ƙaya, don nan ƙwari suke. Dogon yaro, duk da inuwarsa, ba su cika sauka a kansa ba. Gawo kuwa da rani yake ganye da fure, daidai lokacin da baƙin ke nan. Manoman Magarya da Matamaye da ku na Mirya da kuka bar gawo ya tsiro a gona ta hanyar sassaben zamani, har wani bincike na 2006 ya ƙiyasta filin da kimanin hekta miliyan 1, don taki da abincin dabbobi kuka yi, amma kun yi wa tsuntsayen nan aikin da kuɗin ƙungiyoyi bai yi ba. Abin da nake roƙo shi ne a bar zuba guba a bakin ruwa don kama tsuntsu, a kuma ja kunnen yara kan kafa raga a makwanci a wurare irin tabkin Gidimuni da Lasuri, domin raga ba ta tambayar wanda ta kama jan-baki ne ko baƙo.

Game da gonarka kuwa, aikin yana farawa tun kafin girbi. Ka zaɓi zangarniyar iri tana tsaye, daga wurin da babu baƙi, ka yanke ta dabam, ka sussuke ta dabam, kada ta haɗu da turmi ko masussukar da aka yi aikin sauran. Irin dawa kada ya shiga rami ba magani. Irin hatsi ma a cuɗa shi da magani mai sinadarin metalaksil, irin su Apron Star, domin yana kare shuka daga mildiyu a makonninta na farko, lokacin da ta fi rauni. A bi ma'aunin da ke jikin takardar, a sa safar hannu ko leda, ragowar irin kuma kada a ci, kada a ba kaji. Wajen cira da noman farko, duk shukar da ka ga ta yi rawaya da farin gari a bayan ganye ka tumɓuke ta ka binne ko ka ƙone, kada ka jefar a kunya. Ku yi ƙoƙari ku shuka tare da maƙwabta a ruwa ɗaya don bununi ya zo lokaci guda. Gonar da cutar ta yi wa katutu, a ba ta hutun hatsi da wake ko gujiya, ko da yake shekara ɗaya ba ta share abin da ke kwance a ƙasa. In kuma ka ga wata alama a zangarniya da ba ka gane ba, ka yanko ta ka naɗe a takarda, kada ka ɗaure a leda don gumi zai ruɓar da ita, ka kai wa malamin gona na Mirya ya duba.